Jawabi Kan Hana Tallar Taba Sigari

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamai, iyaye da 'yan'uwa mazauna Sabo.

Tambayar da aka ba mu ita ce, shin hana tallar taba na rage masu sha? Amsarmu, yana ragewa, amma fa sai in an toshe kowace kafa. In an hana rediyo da talabijin kaɗai, kamfani sai ya mai da kuɗin ga wasan mawaƙa da riguna da laima. Norwe ta hana tun 1975, kuma masu sha sun ragu ainun, sai dai a hankali, tare da haraji mai tsanani.

A nan gida, dokar soja ta 1990 ta sa a rubuta gargaɗi a jikin kwali. Dokar 2015 kuwa ta hana talla, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗai-ɗai, sai kwali mai kara 20.

To jama'a, nan ne maganar ta shigo gidanmu. A Badun, wa ke riƙe da tebur a bakin titi? Da yawa mu ne da yaranmu. Kwali jere kusa da alewa da biskit, daidai idon ɗan makaranta, ai talla ce wadda ba ta bukatar allo. Yaron da ba zai iya sayen kwali ba yana da kuɗin kara ɗaya.

Mun san ciniki ne, da shi wasu ke cefane. Abin da muke roƙo, masu tebur su sauke kwalayen ƙasa, kuma kada a miƙa wa yaro, ko da ya ce babansa ne ya aiko shi.