Gemun Ɗan'uwa: Jawabi ga Rassanmu a Gidan Sori

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun da muke nufi yau na Sawaba ne.

A 1957 Jibo Bakari ya kama ragamar gwamnatin Nijar, sarakuna da yawa na bayansa. Sai Sawaba ta ɗauka wanda ya riƙe sarki ya riƙe talakawansa. Da Faransa ta kawo ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, Jibo ya ce a jefa "A'a", a karɓi 'yanci nan take. Gwamna Kolombani ya bi ta kan sarakunan nan, suka juya masa baya. "I" ta ci da kashi 78 cikin ɗari, mafi yawan masu rajista ma ba su fito ba. A 1959 aka haramta jam'iyyar.

Ba zagin Jibo muke ba, namiji ne. Amma kowannenmu ya tambayi kansa: manoma nawa na sani ido da ido, ba ta bakin maigari ba?

Ran kasuwa mai zuwa, kowane reshe ya kawo wa sakatare sunayen gidaje goma da ya zauna da masu su.