Amanar Abin da Ido Ya Gani: Nasiha ga Matashi Mai Son Rubutun Tafiye-tafiye



 

An ce in yi magana a kan yadda matashi zai zama marubucin tafiye-tafiye wanda ake karantawa, ake kuma yarda da shi. Na san wani zai ce a ransa: "Malam, ni da ko kuɗin motar Yamai ba ni da su, ina ni ina rubutun tafiya?" To ƙanena, ka yi haƙuri ka saurara. Jarin wannan aiki guda ɗaya ne, shi ne amana: ka faɗi abin da ka gani kamar yadda ka gan shi. Mai wannan jari, ko kasuwar ƙauye ya je zai dawo da abin karantawa.

Mu Musulmi ba baƙi ba ne a wannan fage. Malaman hadisi sun yi doguwar tafiya don su ji magana daga bakin mai ita. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda saboda hadisi ɗaya tak. Su ne suka koya mana bambanta wanda ya ji da kunnensa da wanda aka ba labari. Alƙur'ani kuma ya kwaɗaitar da mu yin tafiya a bayan ƙasa don ɗaukar darasi, sannan a Suratul Hujurati ya umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi.

Ku dubi Ibn Batuta. An haife shi a Tanja ta ƙasar Maroko a 1304, ya fita da niyyar aikin hajji a 1325, ya kwashe kusan shekara 30 yana yawon duniya. A 1353 ya iso Takadda, wadda masana da yawa suke ganin ita ce Azelik a yankin Ingal, jihar Agadas. Me ya sa har yau ake komawa ga labarinsa? Saboda ya lura da ƙananan abubuwa. Ya faɗi yadda ake narka jan ƙarfe a yi shi sanduna, masu kauri da sirara, ana ciniki da su kamar kuɗi: sirara a sayi nama da itace, masu kauri a sayi hatsi da man shanu. Ya ambaci Gobir da Barno cikin ƙasashen da ake kai ƙarfen. Magana ce ta kasuwa, wadda mutanen garin ba su ɗauke ta a bakin komai ba, amma yau ita ce shaidar tarihinmu.

Sai dai akwai darasi na biyu a tare da shi. Bayan ya koma gida ne ya shifta labarin ga wani marubuci, Ibn Juzai, shekaru da yawa bayan wasu tafiye-tafiyen. An gano cewa wasu sassa na bayanin Makka da Dimashƙa an ɗauko su ne daga littafin Ibn Jubair, ɗan Andalus wanda ya yi hajji tsakanin 1183 da 1185 yana rubuta tafiyarsa da kwanan wata. Har yau masana suna shakkar ko Ibn Batuta ya taka wasu wuraren da aka ce ya je. Kun gani ke nan: inda ya gani da idonsa an gaskata shi, inda aka yi aro kuwa shakka ta shiga.

Saboda haka ga shawarata ta farko. Ka sayi ɗan kaye da bik, ka riƙa rubutu a ranar da abin ya faru, kafin ka kwanta. Salula tana da amfani, amma caji yana ƙarewa a hanya, kaye kuwa ba ya mutuwa. Ka sa kwanan wata, na Musulunci da na nasara. Ƙarfe nawa mota ta tashi daga tasha, jaka nawa ka biya, sau nawa aka tsaya a shingen jandarma, nawa ake sayar da tiyar hatsi a garin da ka sauka, daga ina suke ɗebo ruwan sha. Ka rubuta sunan gari yadda masu garin suke faɗinsa.

Ta biyu, kowace magana ka san ajinta. Akwai "na gani", akwai "an gaya mini", akwai "ina tsammani". Kada ka gwama su. Idan direba ne ya ce maka rijiyar garin ba ta taɓa ƙafewa ba, ka rubuta cewa direba ne ya faɗa. Wannan shi ne isnadin matafiyi.

Ta uku, ka fara da kusa. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, kuma duk garin da ke kan hanyar yana da labari: Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Galmi da albasarta, Madawa, Maraɗi, Tasawa. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Agadas a 1850, ya bi ta Tasawa a farkon 1851, ya fitar da littafi mai juzu'i 5. Da Hausa ya riƙa magana da mutane. Yau idan muna son sanin yadda Tasawa take a wancan zamani, wurin baƙo muke zuwa tambaya. Wa zai rubuta Tasawar yau don jikokinmu, in ba ku ba?

Kada kuma wani ya ce shi yaro ne ko bai yi lakkol mai zurfi ba. Dorugu yaro ne ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bauta, daga baya aka ƴanta shi, ya bi Barth har Landan a 1855. Can ya ba da labarin rayuwarsa da tafiyarsa da Hausa, wani Bature mai suna Schön ya rubuta. Har yadda Turawa suke zaman cin abinci ya bayyana. Ido ne da shi, da kunne, da harshen uwarsa. Ku ma ku rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, sannan ku karanta da ƙarfi a gaban tsohuwar gidanku. Inda ta ce "me ka ce?", nan ne wurin gyara.

Ta huɗu, ladabi. Mutanen da suka ba ka masauki ba abin dariya ba ne. Surar da ta hana mu ɗaukar labari ba bincike ita ce ta hana mu izgili da gulma da bin diddigin asirin mutane. Kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa, balle matan mutane. Kada ka fallasa talaucin gidan da ya ciyar da kai. Ka nemi yardar iyaye kafin ka fita, kuma inda hukuma da mutanen gari suka ce hanya ba lafiya, ka tsaya. Babu labarin da ya kai ranka daraja.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki wannan magana da nauyi. Matasanmu suna tafiya Libiya da Aljeriya neman kuɗi. Wanda ya dawo yakan nuna sabuwar riga da babur, ya ɓoye ƙishirwa da wulaƙanci da bashin da ya ci. Ƙanensa ya ji rabin labari, shi ma ya ɗaura niyya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga yankin Kance. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Allah Ya jiƙansu. Rabin labari yana kisa, ƴan uwa. Wanda ya bi wannan hanya ya dawo ya rubuta ta yadda take, daɗinta da ɗacinta, kuɗin da ya kashe da wanda ya samu, wallahi zai iya tsirar da rai. Wanda bai je ba, ya zauna da wanda ya je, ya rubuta daga bakinsa, ya ce daga bakinsa ne.

Saura maganar kuɗi, don na san tana ranku. Kada kowa ya bar sana'arsa ko karatunsa saboda rubutu. Ibn Batuta alƙalanci ya yi a Delhi ta Indiya da tsibiran Maldib. Abubakar Imam yana editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo lokacin da ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta littafin tafiyarsa. Ɗan kasuwa mai zuwa Kano ko Kwatano, da yaron mota, da ɗalibar da ta je karatu Tawa, duk sana'arsu ta riga ta biya musu kuɗin mota. Ka fara karanta shafi biyu a taron ƙungiya. Ka kai gidan rediyon garinku. Ka sa a Facebook ko WhatsApp da sunanka a kai. Idan mutane suka saba cewa abin da ka faɗa haka yake, su da kansu za su riƙa nemanka, daga nan ƙofofi suke buɗewa.

Ina roƙon shugabanni su ajiye babban kaye guda a ofishin ƙungiya. Duk ɗan ƙungiyar da ya yi tafiya, ko ta kwana ɗaya ce, ya kawo shafi ɗaya da kwanan wata a kai. In Allah Ya kai mu biki na gaba, a zaɓi masu kyau a buga su a ɗan littafi irin wannan.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya dawo da su gida lafiya, Ya ba ƙasarmu Nijar zaman lafiya da damina mai albarka, Ya sa alƙalumanku su zama shaida gare ku ranar gobe. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.