Sanyin Gida Tun Daga Tushe A Ke Nemansa



Nan da 'yan shekaru yawancinmu za mu kama aiki, mu soma tarin kuɗin fili. Shi kuwa ma'aikaci sau ɗaya ya kan yi gini a rayuwarsa. In ya kuskure, shi da iyalinsa za su zauna cikin kuskuren har tsufa. Wannan shi ya sa na zaɓi in yi magana a kan wasu ra'ayoyi huɗu da su ka kama zukatan mutane game da gida mai sanyi, wanda ba ya cin wutar lantarki.

Wani kawuna ya tattara kuɗin sallamarsa ya yi gini a Narayi. Ya sa baƙin kwano, ya fuskantar da falo yamma da manyan tagogin gilas, ya malale tsakar gida da siminti. Ran tarewa kowa ya yaba. Amma da bazara ta kama, daga la'asar ba mai iya zama a falon, da dare kuwa a waje a ke shimfiɗa tabarma. Tun da a ka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, janareton ma ya gagare shi. Irin gidan nan ba shi ƙirguwa daga Barnawa zuwa Sabon Tasha da Gonin Gora.

Ra'ayi na farko shi ne wai sanyi sayensa a ke yi: a gama gini, sa'an nan a kafa na'urar sanyaya ɗaki. Alhali na'ura guda ta kan sha wutar da ta ɗara ta fanka goma, aikinta kuwa fitar da zafin da ginin ya riga ya shigo da shi. A Kaduna rana ta kan bi ta kusan tsakar ka, saboda haka rufi ne ya fi shan ta, sai bangon gabas da safe, na yamma da la'asar. Wanda ya miƙar da dogayen bangayensa su ka dubi kudu da arewa, ya rage tagogin yamma, ya zaɓi kwano mai haske, ya bar kafar iska tsakanin kwano da silin, to, ya rage zafi mai yawa ba da wani ƙarin kuɗi na a zo a gani ba.

Na biyu, wai ginin ƙasa alamar talauci ne. Bango mai kauri na tubali ya kan riƙe zafin rana sa'o'i da yawa, ba ya sakinsa ciki sai dare ya yi, iska ta huce. Bulon siminti kuwa, da ya ke siriri ne, nan da nan zafi ya ke ratsa shi. Kakanninmu sun san haka. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ƙasa da azara ya gina Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Masallacin Yama a Jumhuriyar Nijar, aikin magini Falke Barmu, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya gina wa ƙauyensu Gando makaranta da tubalin ƙasa a 2001, shi ya karɓi lambar Pritzker a 2022, watau mafi girma a fannin zanen gine-gine. To, mu me mu ke jin kunya?

Sai dai gaskiya ɗaya ce: daminar Kaduna ta fi ta Kano da Katsina ƙarfi. Mai ginin ƙasa a nan lalle ne ya ɗaga tushe da dutse ko siminti, ya sa rufi ya zarce bango sosai don kada feshi ya ci shi. A kan kuma gauraya jar ƙasa da siminti kaɗan, a matse da inji, a sami tubali mai jure ruwa.

Na uku, wai babbar taga ita ce iska. Iska ba ta shiga inda ba ta da mafita. Ƙananan tagogi biyu masu duban juna sun fi ƙatuwa guda. Gilas ɗin da ba shi da inuwa kuwa tarkon zafi ne. A nan baranda da bishiya su ke da rana. Darbejiya ko mangwaro a yammacin gida ba su neman mai, ba su jiran a kawo wuta. Amma mu abin da mu ke fara yi a sabon fili shi ne sare itatuwa.

Na huɗu, wai da an ɗora sola a kan rufi magana ta ƙare. Sola alheri ce, amma girmanta da tsadarta su na bin yawan wutar da gida ke sha. Zuba ta a gida mai zafi tamkar ɗibar ruwa ne da kwando. A fara rage buƙata tukuna: ƙwan LED mai wat 9 ya na ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. In buƙata ta ragu, 'yar sola kaɗan ta wadatar.

'Yan'uwa, cikinmu akwai waɗanda gobe za su zauna a ofisoshin da ke amincewa da zanen gini, ko su ba da kwangilar makarantu da gidajen ma'aikata. Roƙona shi ne, kafin a haƙa tushe, ku je filin da la'asar, ku ga inda rana ta ke faɗuwa, ku ji inda iska ta ke fitowa, ku kuma tambayi tsofaffin magina. Icce tun ya na ɗanye a ke tanƙwara shi. Gini in ya tashi, sai dai haƙuri.