Kada Mu Jefa 'Ya'yanmu Cikin Rami: Jawabi Kan Cin Hanci a Wurin Aiki

Mai girma Hakimi, Shugaban Ƙungiya, iyayenmu dattawa, da 'ya'yanmu da suka baro Kano da Kaduna da Abuja domin wannan taro, muna yi muku barka da zuwa gida.

A zamanin da muke riƙe da alli, in uban yaro ya kawo wa hedimasta zabo ana gab da jarrabawa, mukan yi godiya mu mayar masa da abinsa. Tarbiyyar kwalejin horon malamai ce ta hana mu karɓa. Ku kuwa, bayan tarbiyya, akwai doka a kanku. A shekarar 2000 Shugaba Obasanjo ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar ICPC, wadda Mai Shari'a Mustapha Akanbi ya fara shugabanta. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga ma'aikacin da ya karɓi toshiyar baki, haka kuma ga wanda ya bayar. Ko an kira shi na goro, ko kuɗin mai, sunansa ɗaya a gaban alƙali. Har wanda aka yi wa tayi ya ƙi karɓa bai fita ba, sai ya kai rahoto ga hukumar ko 'yan sanda. In ya yi shiru, yana iya fuskantar tarar da ta kai N100,000 ko ɗaurin da ya kai shekara 2.

Amma sashen da ya fi tsaya mana a rai shi ne na 19. Ma'aikacin gwamnati da ya yi amfani da kujerarsa ya ba kansa, ko ɗan'uwansa, ko abokinsa wata alfarmar da ba ta halatta ba, hukuncinsa shekara 5 ne, babu zaɓin tara. To, su wa ke tura shi? Mu ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke cika masa zaure da takardun 'ya'yanmu, mu ce ya cusa su aiki ko ta halin ƙaƙa. Ranar gidauniya mu kira sunansa a lasifika, muna jiran ya ambaci abin da ya ninka albashinsa na shekara. In ya kasa, mu ce ya manta mafari. Ran da aka kama shi kuwa, matarsa da 'ya'yansa kaɗai za a gani a harabar kotu.

Saboda haka muna roƙon kwamiti ya daina rubuta wa 'yan asalin garin nan wasiƙun neman gurbin aiki ko kwangila. Abin da za mu nema a wurinsu shi ne su sanar da mu da wuri in an buɗe ɗaukar ma'aikata, su kuma koya wa yaranmu cika fom da shirin ganawa. Gudummawar gyaran asibitinmu kuma, kowa ya ba da daidai ƙarfin albashinsa, Ma'aji ya yanka masa rasit.

Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.