Kuɗin Haya da Bashi a Lokacin Tsadar Rayuwa

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a unguwar Nasarawo, Gombe)

 

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, kowa ya ji a jikinsa. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Duk mai zuwa Tudun Hatsi auno masara ya san sauran bayanin. To amma mu da muka zo daga wasu garuruwa muka zauna a nan, nauyinmu biyu ne. Ɗan gari idan ta ƙure masa yana da gonar gado da gidan gado. Mu kuwa yawancinmu haya muke yi.

Saboda haka a kan haya nake so in tsaya. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama a ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa ko addininsa. Rashin biyan haya bai ba mai gida ikon ɓalle ƙofa ya watso kayan mutum waje ba. Sai ya ba da sanarwar tashi, idan ba a daidaita ba, kotu ce za ta yanke. Ku riƙa adana rasit, ko da na wata guda ne.

Abin da ya fi damuna shi ne, wasu daga cikin masu gidajen nan 'yan ƙungiyarmu ne. Alhaji, kai ma da jaka ɗaya ka sauka a garin nan, wani ya ba ka ɗaki. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda bashi ya yi wa nauyi har ya samu sauƙi. Ka raba masa kuɗin kashi uku, ba za ka talauce ba.

Kai kuma da ake bin ka, kada ka riƙa sauya hanya idan ka hango mai kanti. Ni ma na taɓa yin haka wata biyu, ƙarshe dai kunyar ta fi bashin nauyi. Ka je ka faɗi abin da za ka iya, a rubuta a gaban shaidu kamar yadda aya ta 282 ta koyar.

Iyayenmu mata masu adashe, don Allah a bar wadda aka ba sanarwar tashi ta fara kwasa. Duk wanda ke da irin wannan takarda a hannu, ya ga sakatare bayan sallar Magariba, a zaɓi dattawa biyu su raka shi wurin mai gidan.