Baki Shi Ke Yanka Wuya

Jawabin da wani mushen lakwal ya yi wa 'yan reshe a daren kasuwa, bayan sallar lisha. Magatakarda ya rubuta, aka ce a aika wa sauran rassa su karanta wa jama'arsu.

Ni yaro ne a cikinku, aikina koya wa yaranku karatu da lissafi. Ba don na fi kowa sani na tashi ba, sai don an ba ni izini. In na yi kuskure dattawa su gyara mini.

Abin da ya sa na roƙi a ba ni magana shi ne wani abu da na gani a lakwal. Ran nan da aka tashi hutun safe sai na ji ihu a bayan aji. Na tarad da yara biyu suna birgima cikin ƙura, ɗaya bakinsa na jini. Ko wannensu bai kai shekara goma ba. Na raba su, na ce me ya haɗa ku? Ɗayan ya ce wancan ne ya kira ubansa maci amanar ƙasa, ya ce ran da su ka ci nasara sai an ƙone rumfarsa. Na tambayi mai faɗin, na ce mene ne maci amanar ƙasa? Ya sunkuyad da kai, bai sani ba. A gida ya ji. Uban kuwa da ya ji daga bakinsa, ku yi mini gafara, namu ne.

To, tun daga ranar ban sami barci sosai ba. Shi ya sa na ke so mu waiwaya mu dubi abin da ya taɓa faruwa a ƙasar nan, domin mun riga mun bi wannan hanya sau ɗaya, mun kuwa ga inda ta ɓulle.

Kun san Diori Hamani, kun san Djibo Bakary. Abin da samari da yawa ba su sani ba shi ne, dangi guda ne. Ƙauye ɗaya aka haife su, watau Sudure, kusa da Yamai, Diori a 1916, Djibo a 1922. Dukansu sun yi karatu a makarantar horon malamai ta William Ponty a ƙasar Senegal. Dukansu sun riƙe alli kamar yadda na ke riƙewa. Djibo ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas, Diori kuwa har Paris ya je ya koyad da Hausa da Zabarmanci. Jam'iyya ɗaya su ka fara, watau PPN, wadda aka kafa a 1946 ta zama reshen RDA a nan Nijar. Daga baya su ka saɓa a kan hanyar da za a bi da Faransa. Djibo ya fita, a 1954 ya kafa tasa, wadda ta zama Sawaba. RDA na da alamar giwa, Sawaba na da raƙumi.

Saɓani ba laifi ba ne, harshe da haƙori ma su kan saɓa. Abin da su ke gardama a kansa kuwa babba ne: yaushe za a sami mulkin kai, ta wace hanya, mene ne matsayin sarakuna, mene ne rabon talaka. Ƙasa ba ta ci gaba sai an yi irin wannan gardama. Amma da magana ta sauko daga majalisa ta shigo tasha da mahauta da bakin rijiya, sai ta sake kama. Aka bar zancen mulkin kai, aka koma zancen mutane. Masu raƙumi na kiran masu giwa yaran Nasara masu sayad da ƙasa. Masu giwa na kiran masu raƙumi 'yan kwaminis, marasa kunya masu raina na gaba. Ko wane gefe da mawaƙansa, da samarinsa masu jiran a ce kule su ce cas.

A 1957 Djibo ya zama shugaban gwamnatin farko ta 'yan ƙasa. Shekara ba ta cika ba, cikin watan Afrilu 1958, magoya bayan jam'iyyun nan biyu su ka gwabza a titunan Yamai, aka raunata mutane da yawa. Ku lura da wannan. A lokacin nan gwamnan Faransa na nan zaune, tutar Faransa na bisa, amma ba shi aka jefa ba. Ɗan Nijar ne ya fasa kan ɗan Nijar.

Sai ga ƙuri'ar Janar Dagol ta ran 28 ga Satumba 1958, wadda tsofaffi ke kira zaɓen wi da no. Sawaba ta ce a'a, a ba mu mulkin kai yanzu. RDA ta ce i, a zauna tukuna cikin tarayya da Faransa. Ana saura 'yan makonni aka aiko da sabon gwamna, Colombani, ya zo ya tarad da bango a tsage, kun kuwa san abin da ƙadangare ke yi da tsagaggen bango. Sarakuna da yawa da ke tare da Djibo su ka juya masa baya. Da aka ƙirga, masu i su ka sami wajen 78 cikin ɗari, masu a'a wajen 22, waɗanda su ka fito jefa ƙuri'a kuwa ba su kai 40 cikin ɗari na masu rajista ba. Gwamnatin Djibo ta faɗi, Diori ya hau ran 18 ga Disamba 1958. Cikin Oktoba 1959 aka haramta Sawaba. Ran 3 ga Agusta 1960 aka sami mulkin kai, jam'iyya ɗaya tak ke da bakin magana, Djibo na gudun hijira, daga Mali zuwa Ghana.

Wanda aka hana shi magana da baki, ya kan nemi wata hanyar. A ƙarshen damina ta 1964 'yan Sawaba su ka ƙetaro iyaka da bindigogi. Ba su yi nasara ba. Aka sa mutanen ƙauyuka su ka yi ta farautarsu cikin daji, cikin Oktoba aka harbe huɗu daga cikinsu a Yamai, jama'a na tsaye suna kallo. Aka yi ta kame. Wanda ya ɗauki bindiga da wanda kawai aka ce an taɓa ganin kati a aljihunsa, duk aka haɗa aka zuba kaso, waɗansu ba su komo gida ba. Ran 13 ga Afrilu 1965 kuma, ran Babbar Salla, ana cikin sallar idi a Yamai, wani ya jefa gurneti don ya kashe Diori. Diori ya tsira. Wanda ya mutu yaro ne ƙarami, wanda bai san giwa ba bai san raƙumi ba, an sa masa sabuwar riga ya zo salla.

Ƙarshen labarin fa? Ran 15 ga Afrilu 1974 soja su ka kifad da Diori, matarsa Aisa ta rasa ranta a daren. Seyni Kountché ya tsare Diori. Djibo ya komo gida, a 1975 shi ma aka tsare shi, bai fito ba sai 1984. Ga 'yan'uwa biyu, malamai biyu, hannu ɗaya ya kulle su. Diori ya rasu a Maroko a 1989, Djibo ya rasu a Yamai a 1998. Allah ya jiƙansu duka.

Ban ce zagi kaɗai ya jawo wannan duka ba. Akwai hannun Faransa, akwai kwaɗayin mulki, akwai tsoro. Amma ku tambayi kanku: yaya aka yi manomi ya ɗauki kwari da baka ya bi ɗan maƙwabcinsa cikin daji kamar mai bin gada? Yaya aka yi mutum ya tsaya cikin sahun idi da gurneti a riga? Ba a kwana ɗaya a ke kai mutum nan ba. Sai an shekara ana gaya masa cewa wancan ba mutum ba ne irinsa. Baki ke yin sharar gona, hannu ya zo ya yi shuka.

Ku da ke zuwa Kano fatauci, ku tambayi tsofaffin Fagge. Ran 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo shawara a majalisar Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa, Sardauna na gaba, su ka ce a jira sai lokacin da ya dace. Da su ka fito, taron jama'a ya bi su da ihu da zagi, jaridu su ka ɗora. Su ka komo gida da ciwon abin a zuci. Cikin watan Mayu 'yan Action Group su ka shirya zuwa Kano yin lacca, ran 16 ga wata rikici ya tashi, aka kwana huɗu ana yi tsakanin Fagge da Sabon Gari. Lissafin gwamnati ya ce mutum 36 su ka mutu, 241 su ka ji rauni. Waɗanda su ka yi ihu a Ikko suna gidajensu lafiya. Waɗanda aka binne a Kano, galibi masu neman abin sawa a baka ne kamar mu.

Kada kuma wani ya ce wannan zancen dā ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 2021 an yi ta tonon asali da zancen launin fata a wajen yaƙin neman zaɓe. Da aka faɗi sakamako ran 23 ga Fabrairu, tarzoma ta tashi a Yamai, aka rasa rai biyu, aka kama ɗaruruwa, aka yanke intanet wajen kwana goma. A zamanin wi da no, sai zagi ya jira kamyo ya kai shi daga Maraɗi zuwa Tasawa. Yanzu kafin mutum ya rufe baki, muryarsa ta isa Damagaram da Tawa cikin waya, ba ta kuwa gogewa. Magana zarar bunu ce tun can, balle yau.

Na san abin da samari za su ce. Za su ce, Mushe, su su ka fara, in mun yi shiru a ce mun ji tsoro. Ban ce ku yi shiru ba. Wanda ya ga zalunci ya kame bakinsa, shi ma da nasa laifin. Abin da na ke cewa shi ne, suka daban, zagi daban. In an karɓi haraji ba a ba da takarda ba, ku faɗi, ku faɗi rana, ku faɗi ko dala nawa. In an yi alkawarin rijiya ba a haƙa ba, ku kai mutane su ga wurin. In awon gyaɗa ba daidai ba ne, ku kawo buhu a auna gaban kowa. Wannan ita ce suka, tana da zafi, ba ta kuwa da amsa sai gyara. Amma ran da ka ce da mutum shege, ko bawa, ko kafiri, ko baƙo, ka sauƙaƙa masa. Ba sauran mai tambayarsa rijiya. Zancen ya koma na uwarsa da kakansa, danginsa duka sun tashi, har waɗanda dā su ke tare da kai.

Ku dubi kuma inda mu ke zaune. Manyan da ke musayar baƙar magana a Yamai, gobe ka gan su a biki ɗaya suna cin nama, jibi ka ji sun haɗa jam'iyya. Kai fa? Wanda ka zaga, rumfarsa na jikin taka. Shi ke ba ka bashin gero cikin bazara. Matarsa ce ungozomar da ta karɓi ɗanka. In ka mutu yana cikin masu ɗaukar makara. Zaɓe na kwana ɗaya ne, kasuwa kuwa ko wane mako ta ke ci.

Kakanninmu sun san wannan. Bafillace da Babarbare su haɗu su yi ta tsiya da juna, Bagobiri da Bazabarme haka, taubasai haka, a rabu ana dariya. Sun gane zaman tare ba ya rasa haushi, sai su ka yi masa ƙofar fita, su ka kuma sa masa iyaka: ba a zub da jinin abokin wasa. Wannan wasa har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014 da sunan Nijar. Abin kunya ne a ce duniya ta san mu da shi, mu kuwa mu kasa yi wa ɗan wata jam'iyya abin da mu ke yi wa ɗan wata ƙabila.

Saboda haka ga shawara biyar na kawo wa reshe, ku duba in sun yi.

Na ɗaya, mai magana da sunanmu kada ya taɓa uwa, ko asali, ko addini, ko launin jikin kowa.

Na biyu, maroƙi ko zabiya da mu ka gayyato, a ji abin da za su faɗa tun kafin taro. Wanda ya sa zambo ko barazana, kada a yi masa kari. In kuɗi ya tsaya, zambo zai tsaya.

Na uku, ba mai zuwa taro da sanda ko wuƙa ko barandami, ba kuma mai zuwa wajen taron waɗansu don ya watsa shi.

Na huɗu, labarin da ya zo cikin waya ko daga tasha, cewa an doki namu a gari kaza, kada a yaɗa shi sai magatakarda ya bincika.

Na biyar, shi ne mai wuya. In namu ya yi laifi, mu mu fara tsawata masa, dattawa biyu su raka shi ya ba da haƙuri. Kowa na iya ganin laifin abokin gāba, ba a gane reshe mai mutunci sai ran da nasa ya ɓata.

Game da yaran nan biyu, na zaunad da su tebur ɗaya, allo ɗaya na ba su. Kwana uku su ka yi ba su kula juna ba, ran na huɗu na gan su suna raba ƙosai. Nasu mai sauƙi ne. Iyayensu har yanzu ba su gaisa ba, ɗaya kuwa yana zaune cikinmu a daren nan. Ban faɗi sunansa ba, ba kuwa zan faɗa ba. Kasuwa mai zuwa saura kwana bakwai, ina roƙonsa kafin ta ci ya taka ya je.

Allah ya tsare mana harsunanmu, ya zaunad da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.