Buhun da Ba Ka Kwance Ba

Yau maganar makami za mu yi, musamman ga masu ƙetarawa daga Galabat zuwa Matama.

A Sudan, dokar makamai ta 1986 ta hana riƙe bindiga ko harsashi ba tare da lasisi ba. Habasha ma ta yi tata dokar a 2020. To, ɗan'uwa makiyayi, lasisin da ka karɓa a Gadarif, bakin gada ya tsaya. Ka ƙetare da bindigar, laifi ne, ko da don ɓarayin shanu ka riƙe ta.

'Yan kasuwa, naku ya fi ɗaure kai. Wani ya ce, "Kai mini buhun riɗin nan can ƙetare." Aka kwance a shingen bincike, sai ga ƙananan bindigogi. Za ka iya cewa ba ka sani ba, kuma hujja ce a gaban alƙali, amma sai da shaida: wa ya ba ka, a ina, wa ya gani? Wallahi rantsuwa kaɗai ba ta fitar da mutum. In an kama ka, kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba. Nemi lauya da tafinta.